Linzami da Igiyar Hanci: A Duba Bakin Doki Kafin a Je Wurin Maƙeri

Idan Salla ta ƙarato, duk gidan da ke da doki a ƙasar Madarumfa ba ya rasa hidima. A fito da sirdi a kakkaɓe, a shanya jalala, a goge likkafa, abin da ya tsinke a kai wa baduku. Mun sha ganin haka a yawon da muke yi na duba cibiyoyin yaƙi da jahilci, daga Gabi zuwa Safo, daga Jiratawa zuwa Ɗan Isa. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, kayan da idon jama'a ke gani su ake kashe wa kuɗi. Amma ƙarfen da zai shiga bakin dabbar, wanda lafiyar mahayi ke rataye da shi, sai a zaro shi daga inda aka soke shi bara, da tsatsarsa da komai, a cusa wa doki.

A wani ƙauye na bakin tafki, bayan an tashi daga karatu, wani ɗalibinmu magidanci ya tare mu da kokensa. Ya ce, "Malam, dokina ya lalace. Ga kaɗa kai, ga wage baki, da na ja kamazuru sai ya nemi tashi tsaye." Wani ya ba shi shawara ya tsuke igiyar da ke zagaye hancin dokin har bakin ya kasa buɗuwa. Ya bi shawarar. Baki kuwa ya rufu, amma ba a yi mako ba dokin ya kayar da ɗansa a hanyar shayarwa, yaron ya yi targaɗe a hannu. Da ma'aikacin kiwo ya zo ya buɗe bakin, sai ga tsaga a bisa harshe, ga gyambo a dasashin ƙasa. Ashe ba taurin kai ba ne. Ciwo ne dabbar ke faɗa da irin harshenta, aka rufe mata baki.

Wannan ne dalilin rubutunmu na yau. Linzami da igiyar hanci tare suke aiki, don haka tare ya kamata a zaɓe su, kuma ba a fara zaɓen a kasuwa. A bakin doki ake farawa.

Abin da ke cikin bakin doki

Doki yana da haƙoran gaba 12, shida sama shida ƙasa, da su yake tsinke ciyawa. Can ciki yana da turame 24 na tauna. Tsakanin na gaba da turame akwai giɓi, inda babu haƙori sai dasashi. A wannan giɓin linzami ke zama. Ku taɓa naku dasashin ku ji: fata ce ƴar siririya bisa ƙashi, babu tsokar da za ta tare. Haka na doki yake, ƙashin nasa ma ya fi kaifi. Ƙarfe yana kwance bisa harshe da wannan dasashi, a samansa kuma ga ganɗa. Fili kaɗan ne, domin idan doki ya rufe baki harshensa ya kusa cika wurin duka.

Ingarma kan fitar da fiƙa huɗu wajen shekara 4 zuwa 5. Goɗiya galibi ba ta da su. Linzamin da ya sauko da yawa zai dinga bugun waɗannan fiƙoƙi. Wasu dawaki kuma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori dab da turmin farko na sama. Ba shi da amfani wajen tauna, amma idan ƙarfe ya matse fatar kunci a kansa, zafi ne mai tsanani. Likitan dabbobi na iya cire shi.

Akwai abu biyu da muke so masu karatu su riƙe. Na farko, duƙushi yana famfara daga shekara 2 da rabi har zuwa wajen shekara 5. Haƙoran gaba na tsakiya su ke fara sauyawa a shekara 2 da rabi, na gefensu a 3 da rabi, na ƙarshe a 4 da rabi, turame ma suna tasu sauyawar a tsakani. To ga shi a waɗannan shekaru ne muke fara hawan doki, lokacin da bakinsa ya fi kowane lokaci tsami. A nan ne ma ganɗa kan yi ɗan tudu bayan haƙoran gaba na sama, wasu su ɗauka cuta ce, su tsaga ko su yi mata lalas. Ba cuta ba ce, da kanta take sauka. Tsagar ita ce ke kawo cutar.

Na biyu, muƙamuƙin sama na doki ya fi na ƙasa faɗi. Saboda haka turame ba su cinyewa daidai: na sama kan yi kaifi ta gefen kunci, na ƙasa ta gefen harshe. Idan aka tsuke igiya bisa fuska, kunci ake dannawa bisa wannan kaifi. Dokin da ke zubar da dunƙulen harawa da ya tauna rabi, ko ake ganin hatsi ɗai-ɗai bai niƙu ba cikin kashinsa, ko yake ramewa alhali yana ci, a sa likita ya duba turamensa, akwai magagarin da ake goge kaifin da shi.

Duba gaban baki ba shi da wuya. A tsaya ta gefe, kada a tsaya gaba da gaba. A sa babban yatsa ta kusurwar leɓe cikin giɓin, doki zai buɗe da kansa. A duba kusurwar leɓe, da harshe, da dasashi, a shafa ƙarƙashin haɓa. Kada a fizgi harshe, kada kuma a tura hannu wajen turame. Wannan aikin likita ne, kuma yatsa ba ya tsirowa.

Linzamin kakanni

Linzamin da maƙeranmu suka gada, kowa ya san shi. Ƙarfe ne mai tudu a tsakiya da ke kwanciya bisa harshe, an maƙala masa zobe wanda ke zagaye muƙamuƙin ƙasa ya zauna a bayan haɓa, sa'an nan ga hannuwa biyu sun sauko inda ake ɗaura kamazuru. Irinsa ake gani a Maroko da Aljeriya, kalmar linzami kanta ma daga Larabci ta zo mana. Idan mahayi ya ja, hannuwan nan su koma baya, tudun ya miƙe ya doki ganɗa, zoben kuma ya matse muƙamuƙi. Wuri uku ke jin jiki a lokaci guda: ganɗa, dasashi da haɓa. Kuma kamar yadda dogon ƙarfe ke taimakon mai ɗaga dutse, gwargwadon tsawon hannuwan linzami, gwargwadon yadda ƙaramin ja ke zama babba a bakin doki.

Ba mu raina hikimar waɗanda suka ƙera shi. Sun san abin da suke so. Katsinawan da suka kafa sarautar Maraɗi a farkon ƙarni na 19, zamanin Ɗan Kasawa, da waɗanda suka biyo baya irin su Ɗan Baskore, da doki suka riƙe ƙasarsu. Barde yana riƙe da mashi ko takobi a hannu ɗaya, da ɗaya hannun yake so ya tsayar da ingarma cak, ko ya juya shi wuri guda, domin jinkirin ƙiftawar ido na iya zama ajalinsa. Linzamin yaƙi ne. Abin da ya rage mana na wannan aiki shi ne jafi ranar hawan Salla, inda mahaya ke sako dawaki a guje su ja su tsaya gaban Sarki.

Sai dai mu tambayi kanmu: dokin da ke kai mai shi gona, ko kasuwar Ɗan Isa, ko gaisuwar mutuwa a ƙauyen da ke kusa, wane yaƙi za shi? Ku lura da tsofaffin mahaya na fada. Kamazuru a sake yake a hannunsu, da nauyin jiki da ƙafa da jingina kamazuru a wuya suke juya doki, linzamin ba ya magana sai an matsu. A irin wannan hannu mai zobe ba ya ɓarna sosai. Amma a hannun yaro, ko baƙon hawa wanda ke riƙe kamazuru don kada ya faɗi, wuƙa ce aka ba shi. Hausawa sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mu kuwa mun ga inda ya fi ƙarfin bakin doki ma.

Akwai wani iri da ake samu a kasuwannin Maraɗi da Katsina, kuma maƙeri na iya ƙera shi idan an kai masa samfuri. Ƙarfe ne sumul, mai gaɓa a tsakiya ko marar gaɓa, da zobe ɗai-ɗai a kowane gefe na waje inda kamazuru ke shiga. Ba shi da tudu, ba shi da hannuwa, ba ya zagaye haɓa. Abin da hannu ya ja shi ke isa baki, babu ƙari. Shi aka fi amfani da shi wajen sukuwa da horon duƙushi a ƙasashen duniya, kuma a ganinmu shi ya dace da hawan yau da kullum. Ba mu ce ba ya ciwo ba. Wanda ya dinga fizgarsa hagu da dama kamar mai yankan katako zai tsaga leɓe ko da wane irin ƙarfe ne.

Ko wanne aka zaɓa, sai an auna. A sami tsinken kara mai santsi ko igiya mai ɗan kauri, a sa a bakin doki inda linzami ke zama, a yi alama dab da leɓe a kowane gefe. A ƙara rabin santimita hagu, rabin santimita dama. Wannan shi ne faɗin da za a kai wa maƙeri. Wanda ya ƙanƙance yana tsunkule leɓe, wanda ya yi faɗi yana zamewa gefe da gefe yana goge dasashi. Mu tuna dawakinmu ƙananan kai gare su. Linzamin gwanjo da aka yi wa manyan dawakin Turai sau da yawa yakan yi musu yawa. Kauri kuma ya kai kamar ƙaramin yatsan babban mutum. Siriri yanka yake yi, mai kauri da yawa kuma ba ya barin baki ya rufu. A shafa ƙarfen da yatsa tun daga wannan baki har wancan. Duk inda ya karce yatsa, zai karce harshe, a mayar wa maƙeri ya goge. Idan mai zobe ne, a roƙi maƙeri ya rage tsawon tudun da na hannuwan, zoben ya kasance mai kauri da santsi, kuma yatsa ya iya shiga tsakaninsa da haɓa lokacin da kamazuru ke sake. Naɗe bayan zoben da fata mai laushi na rage cin haɓa.

Tsayin linzami a baki kuwa, maɗaurin da ya bi ta bayan kunnuwa ne ke daidaita shi. Ya zauna yana taɓa kusurwar leɓe da ɗan lanƙwasa kaɗan. Kada ya ja leɓe sama kamar doki na dariya, kada kuma ya sauko yana ƙwanƙwasar fiƙa.

Igiyar hanci

A wurinmu galibi hancin ragama ne ke yin wannan aiki, domin akan bar ragama a kai a ɗora linzami bisa. Wasu kuma baduku ke ɗinka musu maɗaurin fata, har da ado. Amfaninsa shi ne ya riƙe kayan kai kada su karkace, ya ba da wurin kamawa idan za a ja doki ko a ɗaure shi. Ba a yi shi don ya kulle baki ba.

Doki ba ya numfashi ta baki kamar mu ko kare. Ta hanci kaɗai yake shan iska, komai gudun da yake yi. Ku shafa karan hancinsa daga sama zuwa ƙasa, za ku ji ƙashi yana sirancewa har ya ƙare, daga nan sai guringuntsi da fata mai laushi. Igiyar da ta sauko wannan wuri mai laushi tana tauye numfashi, kuma fizga mai ƙarfi na iya karya bakin ƙashin. Wurin zamanta shi ne bisa ƙashi mai ƙarfi. A shafa gefen fuska a ƙarƙashin ido, akwai wani ƙashi mai tudu da ya miƙo ya tsaya. A auna yatsa biyu ƙasa da ƙarshensa, nan igiya za ta bi.

Tsukewa kuma, ƙa'idar masu dawaki ta tun da daɗewa ita ce yatsa biyu na babban mutum su shiga tsakanin igiya da karan hanci, a gaba, ba a gefe inda nama ke lotsawa ba. Ba zancen tausayi kawai ba ne. A shekarar 2016 masana a jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya sun gwada dawaki 12. Da aka tsuke maɗaurin hanci har yatsa ba ya shiga, bugun zuciyarsu ya ƙaru, tauna da haɗiyar miyau suka ragu; da aka kwance, sai ga su suna ta hamma da lasar baki da haɗiya, kamar mai rama abin da aka hana shi. Ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai mazauni a Lozan ta ƙasar Suwis, ta fito da wani ɗan ma'auni mai kaurin milimita 17 a shekarar 2025. Idan bai wuce tsakanin maɗauri da karan hanci ba, doki ba ya shiga gasa sai an sassauta. Mu ba mu buƙatar sayen ma'auni, Allah ya ba mu yatsu.

Abin da aka yi igiyar da shi ma abin dubawa ne. Siririyar igiyar leda, wadda ta cika kasuwa yanzu saboda araha, tana cin fata, balle idan gumi ya jiƙa ta ƙasa ta manne. Fata mai faɗin yatsa biyu, ko igiyar auduga mai kauri, ta fi. Idan ledar ce kaɗai ke akwai, a naɗe inda ke bisa hanci da tsumma mai laushi, a riƙa wanke shi. Farin gashin da kuke gani ya yi layi a karan hancin wasu dawaki, ba haihuwa ba ce, tabon igiya ne. Duƙushi kuma kansa na girma. Ragamar da ta yi masa daidai da kaka tana iya nutsewa cikin fata kafin bazara.

Yanzu mu haɗa su biyun. Mafi munin haɗi shi ne linzami mai zobe da tsukakkiyar igiyar hanci. Dalili kuwa a fili yake. Idan tudun ƙarfe ya miƙe zai doki ganɗa, hanya ɗaya doki ke da ita ta rage zafin, ita ce ya ɗan buɗe baki. Idan aka ɗaure bakin, an toshe wannan hanya. Ƙarfe na turawa daga ciki, igiya na matsewa daga waje. Dabbar da ta rasa mafita, ko ta tashi tsaye, ko ta sheƙa da mahayi. Abin da ya sami ɗan ɗalibinmu ke nan. Saboda haka duk wanda ya ce lalle sai mai zobe zai hau da shi ranar Salla, to igiyar hanci ta kasance a sake, hannunsa kuma ya fi ta sakewa.

Duƙushin da ake fara horarwa, ragama kaɗai ta ishe shi a watannin farko, da igiya a kowane gefe, har ya koyi tsayawa da juyawa da jin murya. Daga nan a sa masa mai gaɓa, a bar ragamar a ƙarƙashi, a riƙa ja da ita yana sabawa da ƙarfen a hankali. Yaran da ke kai dawaki shan ruwa tafki ko gulbi, idan dokin mai hankali ne, ragama ta wadatar. Idan kuwa ba ya riƙuwa sai da mai zobe, to ba dokin yara ba ne. Dokin da aka ce bakinsa ya mutu, ba ya jin linzami, ƙara masa ƙarfe ba ya tayar da bakin, domin tsohon ƙarfen ne ya kashe shi. Irin wannan a komar da shi ragama, a sake horo daga farko. Yana cin lokaci, ba mu ɓoye ba.

Dokin ɗalibin namu haka aka yi masa. Mako uku ba a sa masa ƙarfe ba. Safe da yamma ana wanke bakin da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, ana ba shi dusa jiƙaƙƙiya da harawa mai laushi. Ciwon baki yana saurin warkewa idan an ɗauke abin da ya kawo shi. Amma tsaga mai zurfi a harshe, ko gyambon dasashi mai wari, ko kumburi a ƙashin muƙamuƙi, ba na maganin gida ba ne, a kira ma'aikacin kiwo tun da wuri. A tambaye shi kuma allurar rigakafin tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, domin doki na cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa ta hanyar rauni, kuma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Aron linzami al'ada ce a tsakaninmu, musamman lokacin biki. Masu kiwo ba su manta da annobar murar da ta kashe jakuna masu yawa a Nijar a farkon shekarar 2019 ba. Irin waɗannan cututtuka na hanci da maƙogwaro, majina da miyau ke ɗaukar su, linzami da bokitin ruwa kuwa su ne jirginsu. Idan aro ya zama dole, a wanke ƙarfen da sabulu, a zuba masa tafasasshen ruwa, a bar shi ya huce. Na gida ma a ɗauraye shi bayan kowane hawa, don busasshen miyau da guntun ciyawa kan yi kaushi su goge leɓe. A rataye shi cikin inuwa. Ƙarfen da ya wuni cikin ranar watan Afrilu, ku ɗora shi a bayan hannunku tukuna kafin ku sa wa dabba a harshe.

Ranar hawa kuma jira ya fi tafiya yawa. Dawaki kan tsaya awa da awa a rana kafin Sarki ya fito. Kada a ɗaure doki da kamazuru a jikin itace. Idan bindiga ta tashi ya firgita ya ja da baya, harshensa ne zai tsage. Da igiyar ragama ake ɗaurewa. Inda hali ya yi, a zare linzamin lokacin jira, a ba shi ruwa, a mayar idan tafiya ta tashi. Bayan an sauka da yamma, kafin a kwance sirdi ma, a duba kumfar bakinsa. Idan fara ce, madalla. Idan ta yi ja-ja, a buɗe bakin a nemo inda jinin ke fitowa, kuma kada wannan ƙarfen ya koma ciki washegari.